Rijiyar Mushe

Gara ce ta fara cin amanata a garin nan. Na dawo daga hutun damina na tarar ta shiga tabulo, baƙin allon da nake wa yara rubutu a kai, ta cinye shi ta ciki ta bar mini fenti kawai. Ina ɗora alli sai yatsana ya burma. Yara suka kwashe da dariya a bayana, ni ma na taya su, don in ban yi dariyar ba kuka zan yi, kuma ba a san mushe, wato malamin makaranta, da kuka gaban yara ba.

Lakkol ɗin tamu, wato makarantar boko, ba abin a zo a gani ba ce. Rumfa ce ta zana da karan gero a bayan gari, a wani ƙauye na ƙasar Kurfai da ke kan tudu, inda motar Filinge ba ta zuwa sai dai amalanke ya kai ka bakin hanya. Ni ne shugaba, ni ne malami, ni ne mai korar awaki in sun zo cin bango. Duk shekara in an gama girbi sai in bi gida gida ina roƙon kara a sake ɗaura ta. Yara manya da ƙanana duk a ciki nake tara su, kuma abin da nake koya musu, in za a faɗi gaskiya, waƙa ce. In rera jimlar Faransanci su amsa, in sake rerawa su sake amsawa. Ka juya tambayar ta wata fuska, sai ka ga idanu sun zubo maka kamar ka yi musu yaren aljanu. Ni ma haka aka koya mini, na daɗe ban san akwai wata hanya ba.

A shekarar ne aka tara mu a Filinge kafin a buɗe makarantu. Ansifekta, babbanmu mai zagaya makarantun yankin, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce mutanen da rashin zaman lafiya ya koro daga arewa sun cika makarantun cikin gari, yara na zaune babu malami, shi kuwa ba shi da wanda zai ƙara musu. Duk lakkol ɗin ƙauye da ya tarar babu yara a cikinta, zai ɗauke malaminta ya kai inda ake bukata. Da aka tashi ya kira ni gefe ya ce tawa na cikin waɗanda yake kallo, zai zo da bazara ya gani da idonsa. Na san abin da hakan ke nufi. In aka ɗauke ni rumfar ta faɗi ke nan, lakkol mafi kusa kuma tana da nisan da ba uwar da za ta saki ƙaramin yaro ko 'ya mace su taka shi kullum.

A taron nan wata madam daga Yamai ta yi mana horo. Ta zo da manyan fararen takardu da alƙaluma masu launi, ta zana da'ira biyu da suka shiga juna, ta ce abin da ya bambanta abu biyu a sa shi gefe da gefe, abin da ya haɗa su a sa shi tsakiya. Ta zana itace, ta ce gangar jikinsa ita ce matsala, saiwoyi su ne abin da ya jawo ta, rassa kuma abin da za ta haifa. Ta ce yaro in ya ga tunaninsa shimfiɗe a gabansa, sai ya iya gyara shi da kansa. Ni dai raina a ɓace yake tun maganar ansifekta, na ɗaga hannu na ce, wanda ko takarda ba shi da ita fa, a goshin yaran zai zana?

Ta dube ni ta ce, “Mushe, garinku ba ƙasa?”

Aka yi ta dariya. Na koma gida ina cizon yatsa, ina shirya amsar da ya kamata in ba ta. Amma da na tarar da aikin da gara ta yi mini, maganarta ce ta fara faɗo mini a rai. Na sa yara suka ɗebo farin rairayi daga kwari, muka zuba a tsakiyar rumfa, na tura su baya suka yi zobe. Na shafe rairayin da tafin hannu, na ja da'ira biyu da yatsa, na ce wannan gero, wannan dawa, ku faɗa mini. Da yake ƙananan ba su iya rubutu ba, sai na ce duk wanda ya faɗi abu ya ɗauki tsakuwa ya aza ta inda ta dace. Da Hausa muke fara yi, in tsakuwa ta zauna sannan in ba su sunan abin da Faransanci.

Ban taɓa jin rumfar nan ta yi irin hayaniyar ranar ba. Wannan ya ce dawa ta fi son laka, wancan ya ce ƙarya ne, babansa ya shuka ta a jigawa ta yi, na ukun ya fizge tsakuwar ya mayar da ita tsakiya. Gardama suke yi, gardama ta gaske, a kan abin da suka sani. Akwai wata yarinya da ke zama can baya, 'yar wani mai shanu, kullum a makare take zuwa da jiƙaƙƙen zane saboda ita ke taya ubanta ban ruwa a rijiya. Tun da ta shigo lakkol ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Ranar da muka yi saniya da raƙumi, na aza tsakuwa a gefen raƙumi na ce shi ne mai tozo. Sai na ji an ce, “Mushe, ba nan ta ba.” Ta taso ta ɗauke tsakuwata ta kai tsakiya, ta ce shanun babanta duk da tozonsu. Na ji kunya, na kuma ji daɗin da na manta rabona da irinsa. A cikin 'yan watanni yarinyar nan ta fara haɗa jimlar Faransanci da kanta, ba wadda na rera mata ba, har na fara ganin ta a kolej, makarantar sakandare.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne kakana. Mahaifin babana mai bugun ƙasa ne, kuma ba ƙaramin mai bugun ƙasa ba. Ranar kasuwar Filinge yakan zauna gindin wata aduwa, ya shafe rairayi da tafin hannu, ya ɗiɗɗiga shi da yatsu, ya gaya wa mutum inda ɓataccen jakinsa yake ko ranar da ta dace ya yi tafiya. Babana ya tsani wannan sana'a, bai taɓa yarda na zauna kusa da tsohon in yana aiki ba, ya sa ni makarantar allo ya sa ni lakkol don in yi nisa da ita. Ni a ganina an binne maganar tare da tsohon. Ashe mutanen Kurfai ba sa binne asalin mutum. Wata tsohuwa ta biyo ta bayan rumfa da itace a kanta, ta leƙa ta ramin zana, ta ga yara sun yi zobe a tsugune, ga tsakuwoyi a jere, ga mushe yana shafe rairayi da tafin hannu. Ta isa cikin gari ta tambayi ɗan wane ne wannan mushen, aka gaya mata. Ta ce to, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na ji ƙishin-ƙishin ɗin, na yi tsaki na ci gaba. Da sanyi ya fara janyewa muka kai kan itacen nan mai saiwoyi da rassa. Na ce su zaɓi wata matsala ta garin, suka ce rijiya. Rijiya ɗaya ce a garin, tun ta kakanni, da ita mutum da dabba ke sha. Bakinta ya tsage, kowa ya sani, duk shekara ana cewa in an yi girbi za a gyara. Yara suka cika saiwoyi da tsakuwa. Gara ta ci gumagumen da aka gitta a bakin, igiya ta yi musu kwari, kwamin da shanu ke shan ruwa a ciki ya yi kusa, ruwan da ke zuba yana jiƙa ƙasar yana bin tsagar. Da muka zo rassa sai kowa ya janye hannunsa. 'Yar mai shanun ta miƙa yatsa ta ja reshe ɗaya dogo, ta aza tsakuwa a ƙarshensa, ta ce, “Rijiya ta rubza.” Na yaba mata. Ni da bakina na ce su je su nuna wa iyayensu, ko a samu a gyara kafin zafi.

Ta je ta zana shi a tsakar gidansu. Ubanta ya saurara har ta kai kan dogon reshen, sai ya sa ƙafa ya share, ya ce bakinta ya sari ɗanyen kashi. A garin nan mutum zai ga abu ƙiri-ƙiri yana tahowa, amma ba zai kira sunansa ba, don kiran mugun abu gayyato shi ne. Balle a ce an zana shi a ƙasa, an aza masa tsakuwa.

Farkon bazara, da hantsi, muna cikin rumfa muka ji ƙasa ta yi wani irin gurnani, sai ihu. Gefen rijiyar da ke wajen kwamin ne ya zame ya tafi da gumagumen duka, ya rufe ruwan. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, sai wani jaki da aka ja da igiya ƙafarsa a karye. Na isa da gudu tare da yara. Ina isa na ga mutane suna darewa suna ba ni hanya, ba wanda ya amsa sannun da na yi.

Washegari rabin rumfa babu kowa. Kafin a zagayo wata Juma'a, yaran da suka rage ba su kai a yi zobe da su ba. Wasu ɗiban ruwa ne ya ɗauke su, don yanzu sai an gangara har kwari da jakuna da bido, wato jarkokin ruwa, a fita da asuba a dawo rana ta take. Wannan na gane shi, da 'ya'yana ne ma sai na tura su. Amma sauran tsoro ne. Gari ya rabu biyu a kaina, masu cewa na gani ne a ƙasa kafin abin ya zo, da masu cewa ni na kira shi. Ba wanda ya ce gara ce da ruwan kwami.

Na bi gida gida kamar lokacin roƙon kara, sai dai wannan karon ko tabarma ba a shimfiɗa mini. Na je wurin mai shanun, na tarar da shi yana ɗaura wa jaki bido.

Na ce, “Don Allah ka maido min ɗiyakka. Yarinyag ga tana da kai, kolej za ta.”

Bai dube ni ba ya ce, “Mushe, karatu munka kai ta ta koyo, ba duba ba. Abin gidanku ka bar shi gidanku.”

Na ce, “Wane duba? Kai ba ka san bakin rijiya ya tsage ba? Ba kai ka tsayi bisanshi kullum ba?”

Ya ce, “Na sani. Amma ni ban hwaɗi ba.”

Na hango yarinyar a bayan danga tana kallona. Uwarta ta kira ta, ta shige.

Na je na ɗauko liman da kaina, na kawo shi rumfa, na zana masa gero da dawa, na zana masa itacen. Dattijo ne mai hankali, ya duba ya yi murmushi ya ce wannan ai ko fiƙihu da irinsa ake rarrabe hukunci, babu duba a ciki. Amma ya ce in bari, don wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ya yi wa mutane bayani bayan sallah, suka ce malam mutumin kirki ne, rufa mini asiri yake. Na bi shawararsa. Na kwashe rairayin nan da hannuna na watsar a bayan rumfa, na koma rera waƙa da 'yan yaran da suka rage, suna amsawa da ƙyar suna kallon wurin da da'ira take a da. Ko yaro ɗaya hakan bai dawo mini da shi ba. Ga kuma wani tsoron da ban gaya wa kowa ba. Magana tana tafiya, kuma a dajin arewa akwai masu babura da ba sa ƙaunar lakkol, ba sa ƙaunar mai duba, ni kuwa an haɗa mini duka biyun. Duk babur ɗin da na ji ƙararsa daga nesa sai in leƙa ta ramin zana, ban sani ba ko ansifekta ne ko su ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, waɗanda suka janye 'ya'yansu su ne suka fara zuwa wurina. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, wata mata ta sallamo ɗakina da kaza a hammata. Mijinta ya tafi kurmi cin rani, damina biyu ba labari, in duba mata ko yana raye. Na ce ban iya ba. Ta ce ta san ba a yi sai an ɓoye, ba za ta gaya wa kowa ba. Na ce ɗanta da ta hana zuwa lakkol fa? Ta ce ai yaro ne, abin zai fi ƙarfinsa. Na daka mata tsawar da har yau nake jin nauyinta, ta ajiye kazar ta fita tana kuka. Sai da na bi ta da kazar har ƙofar gida, mutane na kallo, kowa na fassara abin yadda ya ga dama.

Ana nan aka kawo masu ginar rijiya. Suka gina kusa da tsohuwar, suka yi zurfi, suka tarar da dutse, gari ya ci wahalar banza. Sai maigari ya aiko kirana. Na same shi a zaure shi da dattawa, ya sa aka ba ni buzu, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, “Mushe, mun ƙare. Mata sun ƙare, bisashe sun ƙare. Ka duba muna inda za mu gina.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, wallahi ban iya ba. Ban taɓa koyo ba.”

Ya ce, “Wanda yag ga rubzawar rijiya, shina ganin ruwa. Ka yi muna, in anka samu ruwa ni da kaina ni ka maido ma ɗiyan ga, har waɗanda ba ka taɓa gani ba.”

Na fito daga zauren. Gaba kura, baya sayaki. In na ƙi, ga bazara ta yi nisa, ansifekta na iya sauka kowace safiya ya tarar da ni ina rera waƙa ni da awaki. In na yarda, na zama kakana da hannuna, kuma na tabbatar musu da ƙaryar da ta kwashe mini yara. Na yi ta zagaya rumfar ina magana ni kaɗai, ina zagin gara, ina zagin madam ɗin Yamai da ba ta san ina yi ba. Daga ƙarshe na koma na ce zan zana, amma da rana tsaka, a dandali, liman na zaune, kuma ba ni zan aza tsakuwa ko ɗaya ba.

Gari duk ya fito. Na tsuguna na shafe ƙasa da tafin hannu, na ji mutane sun yi tsit. Na tambaye su wuraren da suke zato. Aka ambaci uku, na ja wa kowanne da'irarsa. Na ce duk wanda ya san wani abu a kan ɗayansu ya faɗa da ƙarfi, ya taso ya aza tsakuwa da hannunsa. Da farko ba wanda ya motsa. Sai wani tsohon makiyayi ya ce a gangaren kudu gawo ba ya taɓa nuna ƙishi, ya zo ya aza. Wata mata ta ce a nan ruwan sama ke daɗewa bai tsotse ba. Wani ya ce wajen gabas tsakuwa ce tun daga sama, garma ma ƙara take. Mai shanun, uban yarinyar, ya ce da rani shanunsa a gangaren kudu suke tsayawa suna shinshinar ƙasa. Haka aka yi ta yi har rana ta karkata, da'irar kudu ta cika da tsakuwa, sauran biyun 'yan ƙalilan. Na miƙe na ce to ku duba, ga abin da kuka sani, na tara muku shi wuri ɗaya ne kawai.

Maigari ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce, “Ƙasa ta hwaɗi. Kudu za mu gina.”

Na ce, “Ba ƙasa ta ba! Ku na! Ku kunka hwaɗi, ku kunka aza da hannunku!”

Na yi ta maimaitawa da ƙarfi. Aka yi ta ba ni haƙuri kamar mai taɓin hankali. Sai tsohon makiyayin nan ya dafa kafaɗata ya ce, “Kwantar da ranka, ɗana. Na taɓa zama gaban kakanka. Shi ma haka yaka yi, tambayakka shika yi har ka gaji, kana shi hwaɗa ma.” Na zauna a ƙasa kusa da da'irorin, mutane suka watse suna sa mini albarka.

Aka fara gina a kudu. Na roƙi maigari ya ba ni yaran tun yanzu, ya ce wa zai ɗebo wa masu gina ruwan sha, a bari ruwa ya fito. Sai na koma ina tashi daga lakkol in tuɓe riga in kama igiya ina jan ƙasa tare da su, hannuwana suka yi bororo suka fashe. Kullum in leƙa ramin in tambaya ko ƙasar ta fara danshi. Kullum su ce saura kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, amma ba ni da wata gorar.

Ansifekta ya riga ruwa zuwa. Wata safiya babur ya tsaya bayan rumfa, ya shigo yana kaɗe ƙura. Yaran da ya tarar, da ido ɗaya ya gama ƙirga su. Na ba shi labari duka, ban rage komai ba. Na ce ya zo in kai shi ya ga ramin, na ce ya ba ni zuwa damina, na ce akwai yarinyar da in ya ji Faransancinta ba zai yarda a rumfa ta koya ba. Ya ce ina take? Na ce tana kwari wajen ruwa. Na kama hannunsa da hannuwana biyu ina roƙo, ni da ban taɓa roƙon kowa haka ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce ya yarda da duk abin da na faɗa, amma a Filinge akwai ajin da yara ke zaune kan juna tun farkon shekara ba wanda ya tsaya gabansu, me zai ce wa iyayensu? Ya ce in ƙarasa shekarar in tattara kayana. Na raka shi har babur, na dawo na sallami yaran, na zauna cikin rumfar na yi kukan da na ƙi yi ranar tabulo.

Na bar garin kafin ruwan fari. A Filinge aka ba ni aji na siminti mai allo a jikin bango. Nan ma ina zana da'ira da itace, da alli, yara na cika su, iyaye na wucewa ta taga ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Bayan girbi, ranar kasuwa, ina cikin tayin albasa na ji an kama hannuna. Mai shanun ne. Ya durƙusa yana gaishe ni kamar wani babban malami. Ya ce an samu ruwa ba da daɗewa ba bayan tafiyata, ruwa mai daɗi, komai ɗiba ba ya ja baya, kuma yanzu kowa rijiyar mushe yake ce mata. Na tambayi rumfar. Ya ce iskar farkon damina ta kwantar da ita, aka kwashe zanar aka yi wa sabuwar rijiya shinge don kada shanu su matso bakinta. Ya ja ni gefe, gindin wata bishiya inda ba jama'a, ya ce tun safe yake nemana. Bijiminsa ne ya ɓata tun kasuwar da ta wuce. Ya tsuguna, ya sa tafin hannu ya shafe rairayin da ke gabana sumul, ya tattaro 'yan tsakuwoyi ya tara mini a gefe.

Na ce, “Ina ɗiyakka?”

Ya ce, “Tana nan lahiya, ita ka ban ruwa.”

Na ce, “Ita za ka tambaya. Ta san inda shanunka ka kiwo, ta san inda suka sha, ta san wa ka bin hanyag ga. Ka ba ta tsakuwa ta jera ma, ta hi ni iyawa.”

Ya yi dariya ya girgiza kai. Ya ce ai sun raba ta da wannan tuni. Da farko takan ɓuya bayan rumbu tana ja da yatsa, uwarta ta kama ta sau da yawa ta ba ta kashi, yanzu ko ƙasa ba ta kallo.

Ya ce, “Ku kunka gada, mushe. Mu ba mu gada ba.”

Ya gyara tsugunonsa ya zuba wa yatsana ido yana jira. Na dubi rairayin da ya shafe. Sannan na ce Allah ya bayyana masa bijiminsa, na juya na shiga kasuwa, albasar ma ban koma na saya ba.